Kan Keken Likita

"Mun shirya?" in ji Likita, ya miƙo hannu.

Injiniya ya goge nasa a jikin wando, baƙin man bai fita ba, ya kama hannun haka nan. "Mun shirya. Amma ka sani ba tsoron yaron nan na tsallaken titi nake ji ba."

"Wa ya ce kana tsoro? Maimaita min sharaɗin dai, kada gobe ka ce ban faɗa ba. Na san ka da mantuwar ganganci."

"Shi zai ɗaura maka kan keke irin wanda ya zaɓa, ka hau dutse da shi ranar Asabar. Asabar ta gaba in ɗaura nawa. Wanda kafaɗarka ta yarda da shi, shi ke da keken nan daga ranar, ko noti ne ya kwance wurinsa za a kai."

"Yauwa. Ashe kwanyar na nan."

Likita ya tsiyaya shayi daga filas ya cika kofi biyu, ya tura masa ɗaya a kan benci. Injiniya ya kurɓa. Shayin ya huce, kuma ya san a inda ya huce.

Shi Injiniya ba injiniya ba ne. Mai gyaran keke ne, rumfarsa kwano huɗu ce da benci ɗaya a jikin bangon wani tsohon sito. Likita ne ya laƙaba masa sunan shekara talatin da suka wuce, ranar da ya miƙe masa ƙafar keken da mota ta taka, sunan kuma ya bi shi har cikin gida. Likita kuwa likitan haƙori ne na gaske, bara ya ajiye aiki. Tun yana aikin, kullum da safe sai ya jingine kekensa a rumfar, ya zauna ya sha shayi kafin ya wuce. Injiniya bai gina bene ba, bai taɓa mallakar mota ba. Abin da yake da shi na nuna wa duniya shi ne wannan: mutumin da manyan gari ke buɗe wa baki jikinsu na rawa, a bencinsa yake zama, da kofinsa yake shan shayi.

Sai ɗan Likita da ke aiki a nesa ya aiko wa ubansa keken hawa dutse. Taya mai kauri kamar ta babur, giya ba a ƙirga ta da yatsun hannu ɗaya. Likita ya koma yaro. Duk Asabar sai ya sa hular kwano ya nufi duwatsun bayan gari. Abu ɗaya ne ya hana shi jin daɗi, kan keken. Miƙaƙƙe ne kamar sanda, ga shi ƙasa-ƙasa, sai mutum ya duƙa kamar mai neman allura. In ya dawo wuya na ciwo, wuyan hannunsa na hagu na zogi.

Da a ce wurin Injiniya ya fara kai kukan, da magana ta ƙare a ranar. Amma a safiyar nan Injiniya yana zaune yana kallo aka jingine keken a tsallaken titi, a ƙofar shagon Bahago. Ya duba agogo. Ya sa faci ɗaya, ya sake dubawa. Minti arba'in cur kafin Likita ya fito, yana dariya har yana dafa kafaɗar Bahago.

Bahago shekara goma sha ɗaya ya yi a rumfar Injiniya. A nan ya koyi riƙe sifana da hannun da ba a saba ba, a nan gemu ya fito masa. Yanzu magidanci ne mai 'ya'ya uku, shekara huɗu ke nan da buɗe nasa shagon: ƙofar gilashi, fitila da rana tsaka, kekuna a rataye a bango kamar kayan ado. Kuma duk safiya sai ya tsallako titi ya rusuna ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Wannan gaisuwar ta fi komai ci wa Injiniya rai. Da rashin kunya yaron ya yi, da mutum ya san abin da zai riƙe.

Da yamma a gida, matar Injiniya ta ajiye masa abinci, ta dawo ta tarar bai taɓa ba.

"Injiniya, yau kuma wace taya ce ta fashe?"

"Ba komai."

"Ba komai ne ya sa kake tsaki tun daga bakin ƙofa? Likita ne ya shiga shagon ɗanka ko?"

"Ba ɗana ba ne."

"To shagon wanda ka yi wa waliyyi ranar aurensa. Wai kai, da furfurarka, da yaron da ka koya wa hura taya kake ƙyashi?"

"Ƙyashin me? Gilashi? Ni aiki nake magana. Mutum ya buɗe waya ya kalli hoto, shi ke nan ya zama gwani."

"In aiki ne ai ka fi shi, sai ka ci abincinka."

Ya fi shi ɗin kuwa, a nan babu gardama. Washegari ya shiga kasuwar kayan keke, ya jujjuya kan keke ya kai ashirin kafin ya ɗauki ɗaya. Mai ɗan tudu ne a tsakiya, yadda zai ɗago wa mutum ƙirji, bakinsa biyu sun ɗan lanƙwaso baya, yadda wuyan hannu zai kwanta ba tare da an murɗe shi ba. Ya san Likita ya taɓa karya hannun hagu yana saurayi, ya san hannun ba ya juyawa sosai. Ya kawo shi rumfa, ya ɗauko igiyar Likita.

Injiniya ba ya awo da tef. A bangon rumfar akwai ƙusa, a jikinta igiyoyi sun fi arba'in. Duk wanda ya daɗe yana kawo masa keke yana da tasa. Yakan sa mutum ya dafa benci da hannu biyu kamar zai tura shi, inda hannuwan suka sauka da kansu nan ne faɗin mutumin, sai ya ja igiya daga gefen wannan tafi zuwa gefen wancan ya yanke. A bakin kowace igiya akwai ƙyalle, da launin ƙyallen yake gane mai ita. Ta Likita shuɗi ce, daga tsohuwar rigarsa ta asibiti aka yago. Ya shimfiɗa ta a kan ƙarfen, ya ƙara yatsa uku kowane gefe, don keken dutse yana son faɗi: in taya ta bugi dutse ta nemi ƙwacewa, faɗin ne ke ba hannu ƙarfin mayar da ita. Ya yanke, ya goge bakin, ya naɗe a tsumma ya ajiye.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga Bahago ya tsallako, riƙe da wani dogon kan keke, sabo fil, baƙi, yana sheƙi.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa, mai gilashi. Yau kuma me aka gano a waya?"

Bahago ya yi dariya ya tsuguna. "Baba ke nan. Wurinka na zo. Irin wannan da tsawo suke zuwa, sai an rage. Na auna Likita da tef, amma ka san shi, in an ce ya saki jiki sai ya ƙame kamar soja. Awo uku na yi, uku suka fito daban. Na ce ina ni ina wahala, ga igiyarsa a wurin Baba."

"Au, gasa ake da ni, kuma ni zan ba ka makami?"

"Wace gasa, Baba? Likita ne da son wasa. Ni dai kada in ɓata wa mutum ƙarfe. Ko kai ka ci ko ni na ci, ai duk gida ne."

Injiniya ya ji zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Har ya ɗaga ido wajen ƙusar. Sai Bahago ya ƙara da abin da bai san nauyinsa ba.

"Ka san jiya ma ya leƙo. Wai in abin ya yi kyau zai kawo min abokansa uku da suka ajiye aiki tare. Har suna ya sa min, wai Ƙaramin Injiniya."

"Wa?"

"Ƙaramin Injiniya. Na ce masa a'a, Injiniya ɗaya ne a titin nan."

Injiniya ya sunkuya ya ci gaba da juya feda, sarƙa na ƙara. Shekara talatin sunan nan nasa ne shi kaɗai. Bai saya ba, bai roƙa ba, ba shi aka yi. Ashe a bakin Likita abu ne da ake gutsurawa a miƙa wa duk wanda ya ba mutum kujera mai laushi.

"Hannuna da mai," ya ce. "Je ka, ka dawo an jima."

Da Bahago ya tsallaka, ya tashi ya wanke hannu. A can ƙasan igiyoyin akwai wata mai jan ƙyalle da ta yi ƙura. Ta ɗan Likita ce, shi wanda ya aiko keken, tun yana ɗan shekara goma sha uku. Injiniya ya kwance shuɗin ƙyallen ya ɗaura a kanta, ya mayar da jan a ta uban. Abin da ya gaya wa kansa shi ne, ba wani abu ba ne: Likita zai dawo kafaɗa a takure, ya yi mita, a yi dariya, Asabar ta gaba ya ji bambanci, kowa ya koma matsayinsa.

Bahago ya dawo ya karɓa, ya shimfiɗa igiyar a kan ƙarfen. Ya dubi igiyar, ya dubi ƙarfen.

"Baba, ba ta yi gajarta ba? Sai in ƙara yatsa uku-uku ko?"

"Na riga na ƙara."

"Amma na dutse..."

"Ni za ka gaya wa na dutse? Ka san hannunsa na hagu ya taɓa karyewa?"

"A'a."

"To ka ji. Wayar ba ta gaya maka ba. Ka buɗe masa hannu da yawa, kafin ya kai rabin hanya ya kasa riƙe birki. In tef ɗinka ya fi igiyata, ba ni abata."

"Haba Baba, Allah ya ba ka haƙuri."

"Kuma kada ka ce masa daga nan ta fito. Ba na son ya ce na yi maka aiki."

"Ba zan faɗa ba."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Can an jima ƙarar zarto ta tsallako titi. Ta yi ta tsaya, ta sake yi ta tsaya. Sau biyu kawai. Injiniya da kansa ya koya wa Bahago cewa a rage kaɗan, a gwada, a ƙara ragewa, don abin da zarto ya cire ba ya komawa. Bahago bai taɓa saɓa wannan ba sai ranar, saboda awon daga hannun Baba ya fito.

Asabar da sassafe Likita ya tsaya a gaban rumfar, ƙafa ɗaya a ƙasa, hular kwano a ka. Gwiwoyin hannunsa sun manne da haƙarƙari kamar wanda ya saci kaza.

"Injiniya, ka ga aikin yaronka. Ya ɗan matse ni, amma wataƙila haka yayin yake."

Injiniya ya dubi hannuwan. A ido ma an ga sun yi kusa da juna fiye da yadda ya zata. Bakinsa ya buɗe. Kalma uku ta isa: sauka in gani. Sai ya hango Bahago a bakin ƙofar gilashi yana ɗago wa Likita hannu, Likita na mayar masa.

"A sauka lafiya," ya ce.

Rana ta take tsaka wata motar ɗaukar kaya ta tsaya a titin, keken a bayanta, ƙafar gaba ta lanƙwashe. Direban ne ya ba da labari. A gangara ne, wurin wata kwana mai tsakuwa. Taya ta bugi dutse, kan ya fizge, tsohon ya yi ta kokawa da shi bai iya mayarwa ba. Ya riga ya kai shi asibiti, an ce ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya karye, da wuyan hannun hagu, daidai tsohon wurin.

Injiniya ya rufe rumfa, abin da bai taɓa yi da rana ba.

Sai washegari aka bari a gan shi. Likita na kwance, hannu a naɗe an rataye masa a wuya, gefen fuska duk ƙurjewa. Matarsa na zaune a kujera, jaka a cinya, fuska ba annuri.

"Injiniya," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ka ci gasa ba ka ko shiga fili ba."

"Bar wannan maganar. Yaya jikin?"

"Jiki ga shi nan. Yaron nan ya kusa aika ni lahira. Ni ma da gangancina, ina da gwani a hannu na tafi neman gilashi."

"Ai keke kuma an gama," matar ta ce. "Na gaya wa ɗansa a waya, in ya sake aiko wani abu mai taya, shi zan ɗaure a kai. Likitan ƙashi ma ya ce hannun ba zai ƙara riƙe birki a gangara ba."

Likita ya juya fuska wajen taga.

A baranda Injiniya ya tarar da Bahago a tsaye, riƙe da ledar lemo. Matar Likita ta hana shi shiga tun safe. Bai rusuna ba. Ya sa hannun hagu a aljihu ya ciro igiyar, ya miƙa.

"Baba, ga abarka."

Injiniya ya karɓa.

"Jiya na kasa zama, na ɗauko ta ina dubawa. Igiyar ta yi ƙura, ƙullin ƙyallen kuwa sabo ne." Ya dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. "Shekara goma sha ɗaya ina share ƙasan ƙusar nan. Da na tsaya na duba da kyau, da na gane ta wa ce. Laifina ke nan."

"Bahago..."

"Na ce ba zan faɗa ba. Ba zan faɗa ba."

Ya ajiye ledar lemon a kan kujerar baranda ya tafi. Daga ranar bai sake tsallako titi ba. In sun haɗa ido da safe yakan ɗaga hannu, irin ɗagawar da ake yi wa kowa.

Bayan wata biyu Likita ya dawo benci. Da ƙafa yake zuwa yanzu, filas a hannun dama, Injiniya ke buɗewa ya tsiyaya don hagun ba ya iya murɗa murfi. Kuma ya samu sabon labari. Duk wanda ya tsaya a sa masa faci sai ya ji shi: yadda yaron tsallake ya yanke masa kan keke kamar na 'yan makaranta, yadda dutse ya zo, yadda sama ta koma ƙasa. A ƙarshe ya nuna Injiniya da kofi ya ce, "Ga gwani nan. Wannan da igiya kawai ya fi mai na'ura." Abokan nan uku ba su je shagon gilashi ba. Rumfar suka zo, ɗaya bayan ɗaya, kowa aka yanka masa igiyarsa.

Wata safiya Likita ya ce, "Wai ina kan keken da ka zaɓa min? Ko gani ban yi ba."

Keken na rumfar tun ranar da direba ya sauke shi, Injiniya ya miƙe ƙafar, ya ɗaura nasa kan. Ya fito da shi ya riƙe sirdi da kyau. Likita ya hau a hankali, ya miƙa hannu. Tafukan suka sauka a kan robar kamar a nan aka haife su. Ƙirjinsa ya ɗago, wuyan hannun hagu ya kwanta bai yi zogi ba. Ya daɗe a haka yana kallon ƙarshen titi, inda kan duwatsun ke leƙowa ta bayan rufin gidaje.

"Kai," ya ce. "Da da wannan na fara."

"Likita, ita igiyar nan..."

"Igiyarka ba ta ƙarya, na sani. Riƙe ni in sauka, kada uwargida ta ji labari."

Injiniya ya riƙe shi ya sauka. Sauran maganar ta koma ciki tare da shayi, kuma har yau ba ta sake fitowa ba.

In ana lissafin wanda ya samu da wanda ya rasa, matar Likita ta samu mijinta a gida duk Asabar, ita kaɗai ce ba ta da ƙorafi. Likita ya rasa dutsensa. Bahago ya rasa mutum huɗu da sunansa mai kyau a bakin tsofaffin titi, amma samari masu keken yayi ba su san labarin ba, shagonsa cike yake. Abin da ya rasa na gaske shi ne wanda zai tsallaka ya ce wa Baba.

Mutanen titi kuwa sun ce Injiniya ne ya ci, kuma ya ci ɗin. Sunan ya dawo nasa shi kaɗai, keken nasa ne, ga shi can a jingine ba mai hawa, Likita na bencinsa kullum yana yabonsa a gaban jama'a. Sai dai ya juya bencin, yanzu bango yake fuskanta. Ya ce wa Likita rana ce ke dukan ido.